Ƙara Ta Ƙaru, Gudu Ya Ragu

Wanda ya saba zama bakin titin Kongo da yammacin Asabar, daura da harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda ake koyar da shari'a da sha'anin mulki, yakan ji su tun kafin ya gan su. Mota ce beljiyam, Honda ko Toyota ko tsohuwar Marsandi, an sauya mata salansa, an ɗora ta kan manyan rim masu ƙyalli, tana ruri tun daga Tudun Wada kamar za ta tsaga kwalta. Mai ita galibi matashi ne mai rufin asiri: ɗalibi ɗan gata, ko ma'aikacin banki, ko ɗan kasuwar da harka ta fara buɗe masa. Ya zuba kuɗi masu kauri a gareji domin motar ta ƙara gudu, kuma kunnensa na shaida masa cewa ta ƙara.

Ranar da ya jera da abokinsa mai irin motar tasa, wadda ba a taɓa kwance mata ko noti ɗaya ba, sai abokin ya bar shi a baya. Washegari da sassafe yana gareji, yana cewa an cuce shi: ko an sa masa jabun kaya, ko an sace masa na asali, ko bakanike bai iya aikinsa ba.

Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma mafi yawan lokaci abin da ya faru ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka ciwo. An taɓa motar ba tare da an auna ta ba, an sauya abubuwa biyar a rana ɗaya, an ɗauko shawarar da aka tsara domin wata ƙasa mai wata iska da wani man fetur, sannan aka gwada sakamakon a kan titin da bai dace da awo ba, bai kuma halatta a yi tsere a kansa ba. Kuɗin da ake asara a nan shi ne mafi ƙanƙantar hasara. Amana tsakanin mai mota da bakanike tana lalacewa, kuma rayukan masu tafiya a gefen titi suna shiga cikin cacar da ba da su aka ƙulla ba.

Abin da takardar sakamako ke faɗa

A ƙasashen da tseren miƙaƙƙen layi ya zama wasa mai ƙa'ida, nisan da aka saba da shi rubu'in mil ne, wato mita 402, daga tsaye. Idan direba ya gama, ana miƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da alƙaluma: lokacin da ya ɗauka kafin ya ci ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18, lokacinsa a rabin hanya, lokacinsa gaba ɗaya, da kuma saurin da yake yi sa'ad da ya ƙetare layin ƙarshe. Gwanayen wasan sun fi duba biyu daga cikinsu, domin kowanne yana ba da labarin ciwo daban.

Saurin ƙarshe shi ke tona ƙarfin inji idan aka gwada shi da nauyin mota. Lokacin mita 18 na farko kuwa yana tona yadda taya ta kama ƙasa da yadda direba ya tashi. Idan saurin ƙarshe ya ƙaru amma lokaci bai ragu ba, injin ya samu ƙarfi, tayar ce ke sulɓi ko ƙafar direba ke gaggawa. Maganin yana wurin mai faci da wurin atisaye. Idan kuwa saurin ƙarshe ya ragu, to gyaran da aka yi ne ya rage wa injin ƙarfi, komai daɗin rurinsa. Matashin Kongo ba shi da ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan. Abin da yake da shi kunne ne, da maleji, da abokin da ke danna agogon waya.

Duka ukun shaidu ne masu rauni. Ƙara tana sa jiki ya ji kamar ana gudu. Maleji kuwa ƙa'idar da Turai da wasu ƙasashe da dama ke bi ta yarda ya nuna fiye da ainihin gudu, har zuwa kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, amma ta hana shi nuna ƙasa da shi; da zarar an sauya girman taya kuma, lissafinsa ya rikice. Shi kuma yatsan ɗan Adam, a wasannin guje-guje an daɗe ana ƙara kusan rubu'in daƙiƙa a kan lokacin da aka ɗauka da hannu a gajeren zango, domin an san yana makara.

Rubu'in daƙiƙa ba ƙaramin abu ba ne a nan, saboda lissafin ba ya yi wa mai gyara sassauci. Lokacin da mota ke ɗauka a wannan nisa ba ya raguwa daidai da yadda ƙarfi ke ƙaruwa. Idan aka ƙara wa inji kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa, lokacin yana raguwa da kusan kashi 3 ne kawai: motar da ke yin daƙiƙa 15 za ta koma kimanin 14.5. Samun kashi 10 na gaskiya daga injin da ba shi da turbo kuwa aiki ne babba, wanda sauya salansa da matatar iska ba ya kawo shi. Nauyi ma haka yake aiki, ta ɗaya ɓangaren. Abokai uku a cikin mota mai nauyin kilo 1,500 sun kai ƙarin kilo 200, kuma hakan ya isa ya ƙara fiye da rabin daƙiƙa. Akwatin sifika da ke cikin but shi ma yana da nasa kason.

Iskar Zariya ba ta Legas ba ce

Inji ba fetur kaɗai yake sha ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, don haka ƙarfin inji yana rataye ne da yawan iskar da ya iya zuƙa. Zariya tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 650 daga doron teku, inda matsin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi 7 cikin 100. Injin da ba shi da turbo yana rasa kwatankwacin wannan kaso tun kafin a taɓa shi. Alƙaluman ƙarfin doki da kamfani ya buga, da waɗanda ake gani a bidiyon intanet, an daidaita su ne da yanayin bakin teku.

Sai zafi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakwarkwacewa. Tsakanin asubahin hunturu mai digiri 14 da azahar ɗin watan Afrilu mai digiri 38, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a garin. A Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da ke Zariya tun 1964, yana cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibi: jirgin da ya tashi cikin sauƙi da safe yana buƙatar ƙarin tsawon titi da rana, domin injinsa da fukafukansa sun sami siririyar iska. Abin da matuƙin jirgi ke lissafawa kafin ya tashi, mai mota a ƙetaren gari bai taɓa jin sunansa ba. Wanda ya gwada motarsa a Janairu, ya kai ta gareji, ya sake gwadawa a Afrilu, zai iya ɗora wa bakanike laifin da na bazara ne.

Akwai kuma batun mai. Gidajen mai a Najeriya fetur iri ɗaya suke sayarwa, mai darajar oktan wajen 91, alhali motocin gudu da yawa an ƙera su ne domin 95 ko 98. Injin zamani yana da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar da mai ke yi idan ya kama da wuta kafin lokacinsa. Da ta ji, ƙwaƙwalwar motar sai ta jinkirta tartsatsin filogi domin ta kare injin, ƙarfi kuma ya ragu ba tare da wata fitila ta kunnu ba. Zafi yana tsananta wannan. Manhajar ƙarin ƙarfi da aka sauke daga intanet, wadda aka rubuta domin man Jamus da sanyin Jamus, tana tura injin ne zuwa iyakar da man nan ba zai kai shi ba. Ingancin man kansa ma ba abin rantsuwa ba ne: a farkon 2022 kamfanin mai na ƙasa ya amince cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, masu motoci da dama kuma suka ɗanɗana kuɗarsu.

Gyaran gangar Auzinawa

Huɗu daga cikin gyare-gyaren da aka fi yi a garejin Arewa sun cancanci a dube su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne manyan taya. Motar da ta zo da taya 205/55 a kan rim 16 tana da faɗin da'irar da ya kai milimita 632. Idan aka sa mata 235/45 a kan rim 18, ya koma 669, ƙarin kusan kashi 6 cikin 100. Ma'anarsa ita ce kowace giya ta yi tsawo, ƙarfin turawar da ke isa ƙasa ya ragu da kusan wannan kaso, ga kuma ƙarin nauyin da injin zai riƙa juyawa. Mai doki a Zazzau ya san cewa kayan hawan Sallah daban, na sukuwa daban. Ba a ɗora wa doki jalala da labbati sannan a tambayi dalilin da ya sa ya zo na baya.

Na biyu shi ne fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Ana cewa tana shaƙe inji. Idan ta toshe, tabbas tana shaƙewa, kuma ana iya tabbatar da haka da awo. Idan lafiyarta lau, cire ta ba ya ƙara wa injin da ba a taɓa ba wani abin kirki. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu saye. Bayan an cire ta, fitilar gargaɗin inji takan kama ta zauna, daga nan kuma duk wata sabuwar cuta da ta shigo ba mai lura, domin fitilar ta riga ta zama ado. Hayaƙin mai guba kuwa masu sayar da kaya a bakin titi ne ke shaƙarsa. Bututun salansa da ya wuce kima a faɗi shi ma yana rage saurin fitar hayaƙi sa'ad da inji ke juyawa a hankali, sai motar ta yi nauyin tashi.

Na uku shi ne buɗaɗɗiyar matatar iska. Akwatin da kamfani ya sa yana janyo iska ne daga gaban mota, inda take da sanyi. Idan aka cire shi aka ɗaura buɗaɗɗiya a ƙarƙashin bonet, injin sai ya riƙa zuƙar iskar da lagireto da salansa suka gasa. Sautin zuƙar yana da daɗin ji, iskar kuwa ta fi ta da sirantaka. Wasu irin waɗannan matatun ana shafa musu mai, man kuma yakan ɓata na'urar da ke auna iskar da ke shiga. A garin da ƙurar hunturu ke rufe rana, rage tacewa gayyatar yashi ne zuwa cikin silinda.

Na huɗu shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa ƙasar Turawa aka yi wa tamostat. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan ruwansa ya kasa kaiwa nan, musamman da safiyar sanyi ko a doguwar tafiya, ƙwaƙwalwar tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da buƙata. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ɓarna ta daina zama abin wasa.

Darasin bai tsaya kan masu son gudu ba. Ma'aikacin da ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG domin rage kashe kuɗi, ya kuma ji ta yi sanyin jiki a hawan gadar Kwangila, yana fuskantar tambaya iri ɗaya. Gas yana cin wani ɓangare na wurin da iska za ta shiga, tukunyarsa kuma tana da nauyi, don haka raguwar ƙarfi kaɗan abu ne da aka sani. Raguwa mai yawa alama ce ta rashin saiti. Wanda bai auna motarsa kafin aikin ba, ba shi da hanyar bambance ɗaya daga ɗaya.

Laifin wa?

Abu ne mai sauƙi a tattara laifin a jibga wa bakanike, amma hakan zalunci ne. Yawancin manyan garejin nan sun koyi sana'a ne a hannun iyayen gidan da suka ƙware a kan Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970. Motar kafireta ce, ana saita ta da kunne da sukudireba, kuma sun iya. Motar yau kwamfuta ce ke raba mata mai da wuta, tana gyara lissafinta sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kunnen da ya yi aiki jiya ba ya jin abin da take yi. Sau da yawa ma mai motar ne ke zuwa da kayansa da umarninsa, ya ce a ɗaura masa kamar yadda ya gani a TikTok. Bakaniken da ya ce kada a yi, ya san gobe wani garejin za a kai.

Abin takaicin shi ne kayan awon suna nan, kuma ba su da tsada. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota soket na binciken lafiya da ake kira OBD-II, Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Kusan duk beljiyam ɗin da ke yawo a Zariya tana da shi a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar da ake soka masa, wadda kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, tana nuna zafin iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da lokacin tartsatsi, da yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa rabon mai. A gareji da yawa ana amfani da ita ne kawai domin goge lambar cuta a kashe fitila, kamar likitan da ke yaga sakamakon gwaji domin majiyyaci ya kwantar da hankali.

Ƙa'idar bincike kuwa tsohuwa ce. A fara tabbatar da lafiyar mota kamar yadda ta zo: filogi, famfon mai, matata, kuloci, iskar taya, birkin da ba ya riƙewa. A ɗauki alƙalumanta a rubuta. A sauya abu ɗaya tak. A sake aunawa a yanayi iri ɗaya, da nauyi iri ɗaya, da mai daga wuri ɗaya, sau da yawa, tare da barin injin ya huce a tsakani. Idan sakamako ya yi muni, a mayar da abin da aka cire. Shi ya sa mai hankali ba ya barin kayan asali a gareji.

Inda za a gwada

Nan ne matsalar ta fi ƙarfin mai mota da bakanike. Zariya ba ta da filin da aka keɓe domin irin wannan gwaji, don haka ake yin sa a tsohuwar hanyar Jos, ko a babban titin Kaduna zuwa Kano, ko a tsakiyar unguwa ranar ɗaurin aure. Titi ba ya ba da amsa ta gaskiya: yana da gangara da hawa da ido ba ya gani, ga yashi, ga iska. Saboda irin wannan ne masu kafa tarihin gudu a duniya ake wajabta musu zuwa da dawowa cikin sa'a guda, a ɗauki matsakaici. Titi kuma yana da mutane. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne a sa'a, a cikin gari 50. Motar da ke yin daƙiƙa 15 a mita 402 tana ƙetare layi ne da gudun da ya kai wajen 145, kuma nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu. Ɗan acaɓa, da almajiri, da mai tallar rake ba su san ana gwaji ba.

Akwai masu ganin cewa wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, a haramta shi a huta. Haushinsu yana da dalili, kuma wanda ya yi tsere a titin jama'a ya cancanci hukunci ko ɗan wane ne. Sai dai 'yan sanda sun sha haramta wasan mota a biranen Arewa, yana lafawa yana dawowa. Amurka ta sha irin wannan fama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da samari suka mayar da titunan Kalifoniya fagen tsere. A 1950 aka fara shirya tsere mai tsari a wani titin jirgi da ke Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA da manufar janye wasan daga kan titi. Sharaɗin shiga shi ne a duba birki da taya da lafiyar mota tukuna. Abin da ya janyo samarin kuwa shi ne agogo: wurin da zai gaya wa mutum gaskiyar motarsa a rubuce.

Zazzau ta san wannan hikima tun kafin mota. Sukuwa tana da filinta, hawa yana da ranarsa da hanyarsa da masu tsare shi. Garin da ke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a hanyar Basawa, da sashen injiniyan inji a Samaru, da ɗaruruwan gareji daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, bai rasa masu ilimin da za su shirya rana ɗaya a wata, a killataccen wuri, da izinin hukuma, da jami'an kiyaye haɗurra, da motar asibiti, da na'urar ɗaukar lokaci ba. Ɗalibin injiniya zai sami alƙaluman nazari. Bakanike zai ga sakamakon aikinsa da idonsa, na kirki ya yi suna, mai cika baki ya rasa mafaka. Hukuma kuma za ta sami bakin tsananta hukunci a kan titi, tunda ta buɗe wata ƙofar.

Kafin a kai ga haka, matashin da ya dawo gida ransa a ɓace yana da abin yi da bai fi ƙarfinsa ba. Ya nemo akwatin iskar da aka cire, da tamostat, da tayoyin asali, ya mayar da su. Ya sa a karanta masa abin da ƙwaƙwalwar motar ke faɗa maimakon a goge. Sau da yawa zai tarar cewa gudun da yake nema da kuɗinsa yana nan cikin kwalin da ya bari a bayan gareji.